Yadda Ake Samo wa Kajin Gida Likita a Gano Ainihin Abin da Ke Damun Su

Kaza ba ta da raki. Shaho na dubanta ta sama, muzuru na dakonta ta ƙasa, a cikin 'yan uwanta ma duk wadda ta nuna rauni ita ake taruwa a caccaka. Saboda haka takan daure ta ɓoye ciwo, ta yi ta tsince-tsince kamar lafiya lau. Ranar da ka gan ta ta takure a lungu, gashi ya tashi, fukafukai sun saki, ido a lumshe, ba ranar ciwon ya soma ba. Ya kwana biyu yana cin ta.

Abin da yawancinmu kan yi a wannan lokaci shi ne mu nufi wurin mai sayar da magani, mu ce kaji ba lafiya, a miƙo mana gari a leda mu zuba a ruwan sha. Wani lokacin a dace. Matsalar ita ce kaza ba ta da alamomi masu yawa. Zawo, kasala, ƙin abinci, numfashi da ƙyar: cututtuka fiye da goma na fitowa da wannan fuska ɗaya, wasu bakteriya ke kawo su, wasu bairos, wasu tsutsa, wasu kuma abinci ne ya lalace. Maganin ɗaya ba ya taɓa ɗaya. Likitan da ya ƙware ma ba ya yanke hukunci da kallo kawai, da abin da mai kaji ya kawo masa yake aiki. Rabin binciken a hannunka yake tun kafin ka bar gida.

Mataki na 1: Ware ta, sannan ka ƙirga sauran

Ɗauke marar lafiyar daga akurki ka sa ta a keji ko babban kwali mai ƙofofin iska, nesa da sauran, da busasshiyar shimfiɗa da kwanon ruwa da na abinci nata ita kaɗai. Zafin jikin kaza mai lafiya yana kusan digiri 41 ne a ma'aunin Salshiyos, marar lafiya kuwa ba ta iya riƙe wannan ɗumi, shi ya sa take tayar da gashi. Ka ajiye ta inda babu iska mai kaɗawa, amma kada ka toshe ta. Ruwa ya fi abinci muhimmanci. Idan ba ta sha da kanta, tsoma bakinta a ruwan ka sake ta, ko ka ɗiga a gefen baki kaɗan-kaɗan. Kada ka buɗe bakin ka ɗura, domin ƙofar maƙogwaro tana nan a gindin harshe, ruwan zai wuce huhu.

Daga yau masu lafiya ake fara yi wa hidima, marar lafiya a ƙarshe, sannan a wanke hannu da sabulu a sauya takalmi.

Kada ka ba da antibayotik tukuna. Idan ka ba ta, ƙwayar cutar na iya ƙin tsirowa a ɗakin gwaji, a dawo maka da takarda ba a ga komai ba alhali kaji na ci gaba da mutuwa.

Yanzu koma akurki ka tsaya ka duba. Guda ɗaya ce, ko akwai wasu da suka yi shiru? Amsar wannan tambaya ita ke nuna hanyar da za ka bi. Kaza ɗaya tilo cikin garke mai kuzari galibi matsalar jikinta ce: ƙwai ya maƙale, maƙoƙo (jakar abinci da ke gindin wuya) ya toshe, ƙafa ta kumbura. Uku yau, biyar gobe, wannan annoba ce ko guba.

Mataki na 2: San lokacin da ba a kai kaza asibiti

Akwai alamomin da idan ka gan su, ajiye kwalin za ka yi ka ɗauki waya. Kaji da yawa su mutu farat ɗaya cikin kwana ɗaya ko biyu, wasu ma ba tare da sun nuna ciwo ba. Zanko da leɓe su koma shuɗi-shuɗi ko baƙi. Kai da fuska su kumbura. Ɗigon jini ya bayyana a ƙarƙashin fatar ƙwauri. Wuya ya murɗe, kaza na kallon sama ko tana juyawa wuri ɗaya. Zawo kore shar, ƙwai ya ɗauke gaba ɗaya. Waɗannan su ne kamannin murar tsuntsaye mai tsanani da kuma cutar Nukasil, kuma ido ba ya raba su, sai gwaji.

Dukansu biyu suna cikin cututtukan da dokar yawancin ƙasashe ta wajabta a sanar da hukuma, ƙasashen kuma su sanar da Ƙungiyar Lafiyar Dabbobi ta Duniya mai hedikwata a Paris. Ofishin likitan dabbobi na gwamnati mafi kusa da kai shi za ka kira, su ne za su zo su ɗauki samfuri. Kafin su iso, kada kaza ta fita daga gidan, ko ƙwai, ko taki, ko keji. Ba sayarwa, ba kyauta, ba yanka. Kada maƙwabci mai kaji ya shigo dubiya.

Na san abin da ke hana mutane kira: tsoron a kashe musu kajin duka. Tsoron yana da tushe, domin idan gwaji ya tabbatar da murar tsuntsaye ce, galibi abin da ake yi ke nan. Sai dai murar tsuntsaye mai tsanani takan share kusan duk garken da kanta cikin 'yan kwanaki, ko an kira ko ba a kira ba, kuma a ƙasashen da ake biyan diyya galibi waɗanda aka tarar da rai ake lissafawa. Ga kuma batun lafiyarka. Nau'in murar tsuntsaye da ake kira H5N1 yana kama mutum. A Hong Kong a 1997 ya kama mutum 18, shida suka rasu. Sa safar hannu da takunkumi idan dole ne ka taɓa gawa, ka nisanta yara, kuma idan zazzaɓi ko tari ko jan ido ya same ka cikin kwana 10, je asibiti ka faɗa musu cewa kajinka sun mutu.

Idan ba ka ga irin wannan ba, ci gaba.

Mataki na 3: Duba ta da kanka, daga baki zuwa wutsiya

Fara da kallo daga nesa na minti biyar, domin da zarar ka kama ta za ta miƙe ta yi kamar ba komai. Yaya tsayuwarta? Tana ɗingishi? Wutsiya na sama da ƙasa tare da numfashi? Tana miƙa wuya tana buɗe baki? Ta tsaya tsaye ƙiƙam, gindi na jan ƙasa?

Sannan ka ɗauke ta, fukafukai a manne da jiki. Kada ka rataye ta ta ƙafa, kada ka kwantar da ita rigingine idan numfashi na yi mata wuya. Tsuntsu da motsin ƙashin ƙirji yake numfashi, idan ka matse ƙirjin ka shaƙe shi.

Dubi zanko: ja ne mai sheƙi, ko ya koɗe, ko yana da ƙuraje masu ɓawo? Dubi ido ko akwai kumfa ko kumburi, hanci ko ya toshe. Sunsuna fuskar. Wari mai ƙarfi tare da kumburin fuska yakan nuna cutar koraiza, wata murar kaji da bakteriya ke kawowa. Buɗe baki ka leƙa da tocila ko akwai wani abu rawaya manne a dasashi ko maƙoshi. Kara kunne a bayanta ka ji ko ƙirji na kurarin majina.

Taɓa maƙoƙo, wato jakar abinci da ke gindin wuya ta ɓangaren dama. Lokacin duba shi da asuba ne kafin ta ci komai, ya kamata a same shi fayau. Idan ya kwana cike da tauri, ya toshe. Idan ya kwana cike da ruwa, baki na warin tsami, abincin ya ruɓe a ciki, kuma sau da yawa wannan alama ce ta wata matsala da ke can ƙasa a hanji. Shafa ƙashin ƙirji. Idan ya fito kamar kaifin wuƙa, tsoka ta zube gefe da gefe, ciwon ya yi makonni. Taɓa ciki tsakanin ƙafafu a hankali: laushi, ko tauri, ko cike da ruwa kamar balan-balan? Buɗe gashin da ke kewaye da dubura da ƙarƙashin fiffike ka nemi ƙwarƙwata da ƙwayayenta masu fari a gindin gashi. Akwai kuma wasu ƙananan ƙwari ja masu shan jini da ba za ka same su a jikinta da rana ba, a tsagar katako suke ɓuya. Shiga akurki da dare ka goga farin ƙyalle a ƙasan sandar da suke kwana, idan ya fito da jirwayen jini ka same su. Ƙarshe, juya tafin ƙafa ka duba ko akwai kumburi mai baƙin ɓawo a tsakiya. Idan kana da sikeli auna ta ka rubuta, da nauyi ake lissafa magani.

Kashi yana da nasa labarin. Shimfiɗa farar takarda a ƙarƙashinta ta kwana a kai. Kashin lafiya ruwan ƙasa ne mai ɗan tauri da farin abu a samansa, farin nan shi ne fitsarin kaza, ba cuta ba ce. Haka nan jefi-jefi takan yi wani mai danƙo, mai duhu, mai wari sosai, shi ma na lafiya ne, kuma ya sha sa masu kiwo sayen maganin da ba a buƙata. Abin lura shi ne jini, kore mai ruwa, rawaya mai kumfa, fari zalla, ko tsutsa a fili.

Mataki na 4: Rubuta tarihin garken

Wannan shi ne matakin da ake rainawa, kuma shi ne likita ya fi buƙata. Ɗauki takarda ka rubuta: kaji nawa, shekarunsu ko makonninsu, daga ina ka samo su, nawa suka kamu, nawa suka mutu da ranar da kowace ta mutu. Wace rigakafi aka yi musu da yaushe. Wane abinci suke ci, an sauya buhu kwanan nan, ya jiƙe ko ya yi fumfuna? Ka shigo da sabuwar kaza cikin wata guda da ya wuce? Akwai agwagi ko talotalo ko tantabaru a gidan? Tsuntsayen daji na sha a kwanon ruwansu? An zuba maganin ɓera ko an yi feshi a kusa? Kuma wane magani ka riga ka ba su. A nan kada ka ɓoye, ko da na mutane ne, ko da saiwa ce. Likita ba alƙali ba ne, amma idan bai san abin da ke cikin kazar ba zai iya ɗora mata wanda ba sa haɗuwa.

Shekaru kaɗai na rage zato sosai. 'Yan tsaki a makon farko, ana fara tunanin ciwon cibiya, sanyi, ko cutar da suka fito da ita daga ƙwai. Tsakanin mako 3 zuwa 6 lokacin cutar Gumboro ne da koksidiyosis mai sa kashin jini. Shanyewar ƙafa a wata 3 zuwa 6, ƙafa ɗaya gaba ɗaya baya, tana sa a tuna cutar Marek. Kaza mai ƙwai da ta haura shekara biyu kuwa, mafi yawan matsalarta a mahaifar ƙwai take.

Ɗauki hoton kashi, na fuska, na cikin akurki, da bidiyon tafiyarta da numfashinta da sauti. A gaban likita tsoro kan sa ta daina yin abin da ya kawo ku.

Mataki na 5: Nemo likitan da ya san kaji

Ba kowane likitan dabbobi ke duba kaji ba. Wani karnuka da kyanwoyi ne aikinsa, wani shanu da dawakai. Don haka ba ƙofa ɗaya za ka ƙwanƙwasa ba.

Ofishin dabbobi na gwamnati shi ne na farko, ko da ba su da kayan gwaji sun san inda ake kaiwa. Sai likitocin da ke yi wa manyan gonakin kaji aiki. Waɗannan su suka fi kowa ganin cututtukan kaji, kuma hanyar samun su ita ce ka tambayi mai gona ko wurin ƙyanƙyasa da ka sayi tsakinka wane likita suke kira. Sai dai ka sani tunaninsu na garke ne: za su fi son a yanka biyu a buɗe don a ceci ɗari, ba su saba jinyar kaza ɗaya ba. Idan taka guda ɗaya ce da kake ji da ita, likitan tsuntsayen ado irin su aku ya fi dacewa, shi ke da na'urar ɗaukar hoton ciki, yana kuma iya tiyata. Kusan duk jami'ar da ke koyar da likitancin dabbobi tana da asibitin koyarwa, galibi da sashen kaji da ɗakin binciken gawa, kuma a ganina nan ne wurin da ƙaramin mai kiwo ya fi samun cikakkiyar amsa. Malaman gona da ƙungiyoyin masu kiwo ma sukan san lambar da ake kira.

Kira kafin ka je. Tambayoyin ba su da yawa: kuna duba kaji? Kuna gwajin kashi a nan? Idan ta mutu kuna buɗe gawa, ko ina kuke aikawa? In kawo ta ko za ku zo? Nawa ne ganin likita, nawa ne kowane gwaji? Maganar kuɗi a yi ta tun farko ba kunya, ka faɗi iyakar abin da za ka iya, likita ya zaɓi gwajin da ya fi amfani a cikinsa. Ka kuma faɗa masa ana cin ƙwan kajin ko namansu, domin wannan na sauya irin maganin da zai iya rubutawa.

Idan likitan da ke kusa da kai ya ce shi ba gwanin kaji ba ne amma zai duba, kada ka raina. Yana iya duba kashi a madubin likita, ya ɗauki samfuri, ya yi magana da ɗakin gwaji a madadinka. Ya fi wanda ya ce ya san komai. Wanda za ka guje wa shi ne mai faɗin sunan cuta tun kafin ka gama bayani, mai haɗa magunguna huɗu ko biyar wai ko wanne ya dace, mai ba da gari ko ruwa a kwalbar da ba rubutu. Yawancin ƙasashe na da majalisar da ke rajistar likitocin dabbobi, kana da damar tambayar lambar rajista.

Inda babu likita kusa sam, waya da bidiyo sun fi babu. Daga nesa zai iya gaya maka ko abin na gaggawa ne, da samfurin da za ka aika. Ba zai iya taɓa ciki ko leƙa hanji ba. Zaurukan masu kiwo na intanet kuwa suna da amfani wajen samo lambar likita. Wajen gano cuta, ka sa hoto ɗaya a ba ka suna bakwai.

Mataki na 6: Abin da za ka tafi da shi

Kwali mai ƙofofin iska da shimfiɗa a ƙasa, kada ya zauna a rana ko a rufaffiyar mota. Idan cutar garke ce, tambayi likita nawa yake so. Yawanci ana son biyu ko uku masu rai da ciwon bai daɗe da kama su ba, waɗanda ba a ba magani ba, tare da wadda ta mutu ba da jimawa ba. Kada ka zaɓi wadda ta daɗe a rame tun kafin wannan ciwon, za ta kai bincike wata hanya daban. Haɗa da sabon kashi na ranar a leda mai tsabta, daga kaji da dama, da ɗan abincin da suke ci, da ledar ko kwalbar duk maganin da ka ba su, da takardar tarihin nan.

Mataki na 7: Kada ka yar da gawar

Kazar da ta mutu da safen nan ta fi masu rai iya ba da shaida. Cututtukan da suka yi kama da juna a waje sukan bambanta ƙwarai a ciki. A koksidiyosis ana tarar da hanji ko makafin hanji, wato rassa biyu masu rufaffen ƙarshe da ke manne da hanjin, cike da jini. A Gumboro wata 'yar jaka da ke saman dubura ta ciki ce ke kumbura. A Marek jijiyar cinya kan yi kauri, ƙari ya fito a hanta ko saifa. A Nukasil akan ga ɗigon jini a tumbin da ke gaban ƙundu. Tsutsar hanji mai tsawon kusan santimita 10 kuwa ba ta buƙatar madubi. Likita kan ga wannan cikin rabin sa'a, kuma sau da yawa shi ne gwaji mafi araha da ke ba da amsa mafi yawa.

Sharaɗin shi ne gawar ta isa da kyau. Jikin kaza na da zafi, gashi kuma bargo ne, don haka ruɓewa kan fara nan da nan, hanji ne ke fara lalacewa. Na taɓa barin gawa a inuwa tun safe har la'asar ina jiran in gama wasu hidimomi, da aka buɗe ta ba abin da aka iya karantawa, sai da wata ta sake mutuwa. Ga yadda ake yi. Sa safar hannu. Jiƙa gawar da ruwan sanyi mai ɗan sabulu don ruwan ya ratsa gashi ya kai fata. Sa ta a leda ka ɗaure, ka sake sa wa a wata ledar. Ajiye ta a firji nesa da abinci, ko a cikin kula mai ƙanƙara a gefe. Ka kai ta cikin awa 24, kada ya wuce 48. Kada ka sa ta a firiza ta daskare, ƙanƙara na farfasa naman ta yadda ba a iya duba shi a madubi. Idan ka san ba za ka iya kaiwa cikin kwana biyu ba, kira ɗakin gwajin su gaya maka abin da suka fi so, wasu gwaje-gwajen na yiwuwa ko da ta daskare. Idan aikawa za ka yi, takardar tarihi ta shiga tata ledar daban, da lambar wayarka.

Kada ka buɗe ta da kanka sai in likita ne ya ce ka yi yana kallo ta waya. Kuma duk wannan bai shafi gawar da ake zargin murar tsuntsaye ba, ita a inda take ake barin ta, a rufe, har jami'ai su zo.

Mataki na 8: Fahimci gwajin da aka yi

Gwajin kashi yana nuna ƙwayayen tsutsa da na koksidiya, ƙwayar da ke kawo koksidiyosis, a ranar ake samun sakamako. Ganin kaɗan ba ya nufin su ne suka kwantar da ita, kusan duk kazar da ke taka ƙasa tana ɗauke da wasu. Yawansu da shekarun kazar ake dubawa. Akwai gwajin da ake shuka bakteriya daga hanta ko huhu a jira ta tsiro, sannan a gwada magunguna a kanta a ga wanda ke kashe ta. Yakan ɗauki kwana biyu zuwa huɗu, amma shi ke hana ka sayen antibayotik da ba ya aiki. Gwajin PCR, wanda ake yi da auduga da aka goga a maƙoshi ko dubura, shi ke tabbatar da bairos irin na Nukasil da murar tsuntsaye, da kuma maikoplasma mai sa mura mai naci. Gwajin jini yana nuna ko jiki ya taɓa haɗuwa da cutar, sai dai rigakafi ma na barin irin wannan sawu, shi ya sa tarihin rigakafi ke da muhimmanci. Duba yankan nama a madubi shi ya fi daɗewa, mako ɗaya ko fiye.

Ba laifi ba ne likita ya fara magani bisa zato mai ƙarfi bayan ya ɗauki samfuri, kafin sakamako ya fito. Tambaye shi dai: wannan tabbas ne ko zato? Kuma ka roƙe shi ya rubuta maka sunan cutar. Sunayen ba sa bayyana komai, saurin mantawa gare su. Gumboro sunan wani gari ne a jihar Delaware ta Amurka inda aka fara bayyana cutar a 1962, Nukasil gari ne a Ingila, Marek kuwa likitan dabbobi ne ɗan Hungary da ya siffanta tasa a 1907. Kada ka yi mamaki idan takardar ta zo da suna biyu, cuta ɗaya kan buɗe wa wata ƙofa, musamman Gumboro da ke karya garkuwar jiki.

Mataki na 9: Kafin ka bar wurin likita

Ka tabbata ka san wa za a ba maganin, marar lafiya kaɗai ko duka garke, nawa, sau nawa, kwana nawa. Maganin da ake zubawa a ruwa yana da tarko: marar lafiya ba ta sha sosai, ita da ta fi buƙata ita ke samun kaɗan, a ranar zafi kuma masu lafiya na shan ninki. Tambaya ko gara a ba ta a baki ko allura. Idan na ruwa ne, a haɗa sabo kullum, a ɗauke duk wani ruwan. A cika kwanakin ko da sun warware a rana ta biyu.

Tambayi kwana nawa za a daina cin ƙwai da nama. Daga ranar ƙarshe ta magani ake fara ƙirga. Gwaiduwa kan ɗauki kusan kwana 10 tana haɗuwa a jikin kaza, don haka magani na ci gaba da fitowa a ƙwai bayan an daina bayarwa, kuma dafawa ba ta tabbatar da ya tafi. Ƙwan waɗannan kwanaki zubarwa ake yi, ba a mayar wa kajin su ci. Akwai magungunan da aka haramta ga duk dabbar da ake ci a Amurka da Tarayyar Turai da ƙasashe da yawa, irin su kuloramfenikol, wanda ke iya lalata ɓargon mutum. Wannan na cikin dalilan da ba a ba kaza ragowar maganin mutane.

Idan cutar ta bairos ce, likitan kirki zai gaya maka babu maganin da ke kashe ta, sai kulawa da kare sauran. Idan kuma ya ce wannan kazar ba za ta tashi ba, ka bari ya hutar da ita maimakon ta yi kwanaki tana wahala. Naman irin wannan ba a ci. Tambaye shi yadda doka ta ce a yi da gawa a inda kake, binnewa mai zurfi ko ƙonewa, kada dai a jefa ta inda kare ko ungulu za su ja.

Mataki na 10: Bayan an dawo gida

Idan magani ya dace, akan ga sauƙi cikin kwana biyu zuwa uku. Ba a gani ba, ko wasu sun sake kamuwa, kira likitan, kada ka ƙara wani magani a kai da kanka. Kwashe tsohuwar shimfiɗa, ka wanke akurki da sabulu, sannan ka sa maganin kashe ƙwayoyin cuta, domin ba ya ratsa kashi da datti. Bar shi ya bushe sarai. Koksidiya ba ta jin yawancin waɗannan magunguna, damshi take so, busasshiyar shimfiɗa ce ke karya ta.

Tambaya ta ƙarshe da za ka yi wa likita ita ce ko waɗanda suka warke za su ci gaba da ɗaukar cutar. A maikoplasma da koraiza da Marek amsar e ce, har ƙarshen rayuwarsu, ko da sun yi ƙiba suna ƙwai. Irin wannan garke ba a sayar da shi ga mai kiwo, duk sabuwar kazar da aka zuba a ciki kuma tana iya kamuwa. Ka nemi ya tsara maka jadawalin rigakafi daidai da cututtukan yankinku, ka tuna rigakafi ta masu lafiya ce, ba a yi wa marar lafiya sai da umarninsa. Duk kazar da za ta shigo nan gaba ta yi kwana 30 a keɓe, da kwanonta daban, kafin ta haɗu da sauran. Takardar sakamakon kuma a adana ta tare da lambar likitan da ta ɗakin gwajin, domin idan wata ta sake takurewa a lungu, ita ce farkon abin da zai ce ka karanto masa.